Taga biyu da ƙofa ɗaya: bin sawun ruwan sama a wani gidan bulo a Kano

Gidan da ake magana a kansa irin wanda ya cika sababbin unguwannin gefen Kano ne: ɗaki uku da falo, ginin bulo inci tara mai rami, tagogin alminiyom masu zamewa da ƙarafan tsaro a bayansu, ƙofofin ƙarfe, da rufin kwano da aka ɓoye a bayan rawanin siminti don kada a hango shi daga titi. Ya ga damina huɗu. Tun ta biyu ake fama da ruwa a wuri uku, kuma dukansu a bangon gabas suke. A ɗakin uwargida ruwa na gangarowa daga ƙasan taga har ya jiƙa gefen katifa. A falo fenti ya kumbura a saman taga, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, ga farin gari mai kama da kanwa a jikin filasta. A kicin kuwa, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai an sa tsumma da bokiti a bakin ƙofar baya.

Sau biyu aka yi gyara. Na farko mai fenti ne ya kankare bango ya sake shafawa, ruwa uku ya mayar da aikin inda aka fara. Na biyu mai alminiyom ne, ya zo da silikon ya zagaye kowace taga ciki da waje, duk inda ya ga kafa ya toshe. Bayan tafiyarsa tagar uwargida ta ƙara lalacewa, ta falo kuma ko gezau. Babu wanda ya tsaya ya tambayi ta ina ruwan ke shiga, kowa ya tafi kai tsaye inda ya ga jiƙa.

Tambaya kafin a kafa tsani

Bangon gabas ba abin mamaki ba ne. A ƙasar Hausa hadari mai iska daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, iskar da ke gabansa ita ce ke kwantar da ruwan ta buga shi a jikin bango. Maginan gargajiya sun san wannan: ƙananan tagogi suke yi a can sama, su sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin soro, su kuma sabunta yaɓe da makuba kafin damina ta kankama. Ginin bulo ya zo da manyan tagogi, ya bar waɗannan dabarun, bai kuma kawo cikakken madadinsu ba a yawancin gidaje.

Wanda ya fi kowa sanin halin ruwan gida shi ne mai goge shi, don haka uwargida aka fara tambaya, aka kuma nemi ta raba wuraren uku. Amsarta ta yi rabin aikin. Tagar ɗakinta, in ji ta, ba ta zuba sai ruwa ya zo da iska, kuma nan take take farawa, da an ɗauke ta daina. Ta falo ba ruwanta da iska, ko ruwan tsaye aka yi muddin ya daɗe sai bango ya jiƙe, kuma ba a lokacin ba, sai bayan kamar awa ɗaya, wani lokaci ma da safe ake tashi a ga tabon ya faɗaɗa. Ƙofar kicin kuwa sai tsakar gida ta cika.

Hali uku ke nan, kuma kowanne yana nuna wata hanya daban. Ruwan da ke shiga nan take tare da iska gajeriyar hanya ya biyo, kafa ce a jikin tagar ko a gefenta. Wanda ke jinkiri, ya kuma ci gaba bayan an ɗauke, ya taru ne a wani wuri yana tsiyayowa a hankali, kuma mafarinsa na iya yin nisa da inda ya ɓullo. Siffar tabo ma tana magana. A ɗakin uwargida layi biyu ne suka sauko daga kusurwoyin taga na ƙasa, siriri a sama, faɗi a ƙasa. A falo tabon ya kwanta a gicciye bisa linta, wato kankaren da ke saman taga, ya zarce faɗin tagar da kusan taƙi ɗaya ta kowane gefe, daidai tsawon da linta ke shiga cikin bango. Ruwan da ya shigo ta taga ba ya hawa sama ya kwanta haka.

Kafin a ɗora wa ruwan sama laifi an kawar da masu kama da shi. Babu bututun ruwa a cikin wannan bangon, kuma tiyon na'urar sanyaya ɗaki ta arewa yake fita. Laimar da ke hawowa daga ƙasa daga gindin bango take farawa, ta tsaya a wajen mita ɗaya ko ƙasa da haka da layi mai gishiri a samanta, nan kuwa gindin bangon falo a bushe yake. An kuma manna leda mai faɗin kamu ɗaya a kan tabon, aka rufe gefunanta da salatif, aka bar ta kwana biyu. Raɓar ta taru ne a bayan ledar, ta fuskar bango, wato daga cikin ginin danshin ke fitowa, ba tururin ɗaki ba ne.

Gwajin tiyo

Ana yin sa ne a ranar da bango ya sami kwana biyu ko uku ba ruwa, don sabuwar jiƙa ta bambanta da tsohuwa. Mutum biyu ake bukata, ɗaya a waje da tiyo, ɗaya a ciki da tocila da alli da busasshiyar takarda, suna magana ta waya. A kashe wutar ɗakin daga mita ko akwatin fis idan akwai soket kusa. Ruwan tiyo ya zama yayyafi mai kama da ruwan sama, daga nisan kamu ɗaya. In aka matse bakin tiyo aka harba ruwa da ƙarfi, zai shiga inda ruwan sama bai taɓa shiga ba, a je a gyara abin da lafiyarsa ƙalau.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: daga ƙasa ake farawa a hau sama, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowane wuri minti 10 zuwa 15. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai a tashi ɗaya, idan ruwa ya ɓullo a ciki ba zai san ta wace kafa ba. Don a ware sassan taga, ana rufe wanda ba a kai gare shi ba da leda da salatif.

Tagar uwargida

Faɗinta mita 1.2, tsayinta haka. Bangon da ke ƙasanta aka fara jiƙawa, kwata ɗaya na awa, ciki shiru. Da aka hau kan dandamalin taga, gilashi da firam a rufe da leda, cikin minti shida takardar da aka liƙa a kusurwar hagu ta jiƙe. Da aka ɗora ma'aunin magini mai ƙwayar ruwa a kan dandamalin, sai ga dalili: maimakon ya gangara waje, baya ya ɗan kwanta wajen firam. Ba shi da leɓe kuma, daidai yake da fuskar bango. Ruwan da ya sauko daga gilashi sai ya taru a gindin firam ya zauna yana neman hanya.

Hanya kuwa tana nan. Tsakanin alminiyom da siminti akwai tsaga mai kaurin gashi da ta zagaye firam ɗin, kuma ba sakacin kowa ba ne ya kawo ta. Alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na siminti. Firam mai tsawon mita 1.2 da ya kwana cikin sanyin hunturu ya kuma wuni a ranar bazara, in bambancin ya kai digiri 40, zai miƙe da kimanin milimita ɗaya, simintin da ke gefensa kuma rabin haka. Filasta ba ta da laushin da za ta bi wannan kai-komo, dole ta rabu da ƙarfen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa tsagar da ƙadangare zai raina ta ishe shi, don siririyar kafa tsotsar ruwa take yi kamar lagwani. Silikon ɗin da aka sa a baya bai hana ba. An shafa shi ne a kan ƙura da tsohon fenti, kuma irin mai warin tsami ne, wanda aka yi don gilashi da tayil, ba ya kama siminti da kyau. Da aka ja shi da yatsa biyu sai ya taso kamar igiya.

Wannan ita ce kafa ta farko. Ta biyu tana cikin tagar kanta. Taga mai zamewa ba a yi ta don ta hana ruwa shiga layin da gilashi ke gudu a kai ba. An san zai shiga, shi ya sa ake huda ƙananan ramuka a leɓen layin na waje don ya fita. A wannan tagar ramuka biyu ne. Ɗaya ƙurar hunturu ta shekara huɗu ta daskare a cikinsa ta zama laka, ɗayan kuma mai gyara ya ɗauka aibi ne ya cika shi da silikon. Nan ne amsar abin da ya sa gyara ya ƙara ɓata lamarin. Ba a ma bukaci tiyo ba, kofi ɗaya na ruwa aka zuba a layin, ya tsaya cik, bayan ɗan lokaci ya fara ɗiga ta kusurwa inda ƙarfen ƙasa ya haɗu da na gefe, da kuma ta ramin wani sukurun da aka ɗaure firam da shi ta tsakiyar layin ba tare da an toshe kansa ba.

Akwai kuma lissafin iska, wanda ya kamata mai sayen taga ya sani. Iska mai gudun kilomita 70 a awa tana da ƙarfin ɗaga ruwa har kusan santimita biyu da rabi. Leɓen ciki na layin wannan taga bai kai santimita biyu ba, irin alminiyom mai arha ne marar zurfi. Ko da ramukan a buɗe suke, ranar da guguwa ta kai haka ruwa zai tsallake leɓen. Wannan iyakar tagar ce, gyara ba ya kawar da ita, sai dai a rage ruwan da ke isa wurin.

Tagar falo, wadda ba ta da laifi

An bi ta kamar 'yar uwarta, daga ƙasa zuwa sama. Layinta ya sha ƙura amma yana fitar da ruwa. Dandamali, gefen hagu, gefen dama, saman firam, fiye da awa ɗaya ana zuba ruwa, tabon da ke ciki bai motsa ba. An hau bangon da ke sama da linta, nan ma shiru. Sai aka kafa tsani aka leƙa bayan rawani.

Irin wannan rufi, duk ruwan kwano a cikin wata kwata ta siminti yake taruwa a bayan rawani, daga nan bututu ya sauke shi. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɓangaren rufin da ke zuba a kwatar gabas ya kai murabba'in mita 60, don haka ruwan milimita 40, wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 2,400 ne, kuma bututu ɗaya tak mai inci uku aka ba shi. A bakin bututun an tarar da ganyen darbejiya, ledar ruwa biyu da wata ƙwallon yara da ta sace. Layin datti a jikin rawani ya nuna ruwa na hawa har ya wuce inda shimfiɗar kwaltar da aka yi wa kwatar don hana yoyo ta tsaya, ita ma bakinta ya ɓamɓare daga bango, ana iya zura yatsa a bayanta. Saman rawanin kuma filasta ce kawai aka shafa a kan bulo, ta tsattsage, a wuri biyu ana ganin ramin bulon da ido.

Aka toshe bututun da tsumma, aka cika kwatar har layin dattin, aka zuba bula, shuɗin wanki, a ciki. Minti 20 babu komai. Mai tsaron ciki har ya fara cewa a sauko. A minti na 40 sai jiƙa mai shuɗi-shuɗi ta ɓullo a ƙarshen linta na dama, ta bi layin tsohon tabon sak.

Yadda abin ke faruwa shi ne, ramukan bulo idan aka jera su suna haɗuwa su zama kamar bututu a tsaye cikin bango. Ruwan da ya shiga daga sama sai ya gangara ta cikinsu ba tare da ya nuna a fuska ba, har ya iske abin da zai tare shi. Linta kankare ce cikakkiya, ita ce ke tare shi. Sai ya kwanta a kanta, ya jiƙa filasta ta ciki, ya narkar da gishirin da ke cikin siminti da yashi ya fito da shi fili, shi ne farin garin nan. Taga dai ta sha zargi ne kawai don a ƙarƙashin linta take zaune. Da an canza ta, kamar yadda aka ba maigida shawara, da kuɗin sun tafi ruwan kuma na nan.

Ƙofar kicin

Wannan ba ta ɗauki lokaci ba. Bayan an tare a gidan an shimfiɗa intalok a tsakar gida a kan ƙasar da ke nan, ba a kwashe komai ba, sai tazarar da ke tsakanin daɓen kicin da waje ta koma yatsa biyu, alhali bai kamata ta gaza santimita 15 ba. Bokiti ɗaya da aka watsa a tsakar gidan ya nufo ƙofar da kansa. Bututun rufin nan kuma a gefenta yake zubarwa. Babu dokin ƙofa, kuma a ƙarƙashin ganyen ƙofar akwai kafar da ɗan yatsa ke shiga. Ƙasan firam ɗin ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, shi ya sa ta tura filastar gefe ta fasa ta.

Gyaran

Daga sama aka fara, akasin gwaji. An ɗaye tsohuwar kwaltar, aka gyara gangaren kwatar ya nufi mafita, aka yi wa kusurwar da ke tsakanin kwata da rawani ciko mai lanƙwasa don kada sabuwar shimfiɗa ta karye a wurin. Sabuwar, irin wadda ake mannawa da wutar gas, an hau da ita bango santimita 30, aka cusa bakinta cikin tsagi da aka yanka a filasta aka rufe. Bututu ya koma inci huɗu guda biyu, kowanne bakinsa ya kusa ninka na inci uku, da ragar waya a kai. An ƙara ɗan gajeren indararo a jikin rawani, sama kaɗan da bakin bututun, don ranar da suka toshe ruwa ya zubo waje inda kowa zai gani. Saman rawanin an zuba masa hular kankare mai kaurin santimita 7, ta fito santimita 5 ta kowane gefe, ta ɗan gangara wajen rufi.

A tagar uwargida an fasa dandamalin aka sake shi da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, wato buhu ɗaya da kwanon sarki shida na yashi mai kaifi wanda ba ƙasa a cikinsa. An ba shi gangaren santimita ɗaya a kowane santimita goma, ya fito daga bango santimita 5. A ƙarƙashin leɓensa an ja tsagi mai zurfin santimita ɗaya tun kwaɓin na ɗanye, da guntun rodi. Magina da yawa na tsallake wannan tsagin don ba a ganinsa, alhali shi ne ke yanke wa ruwa hanya ya ɗiga ƙasa, in babu shi ruwan zai lallaɓa ta ƙarƙashi ya koma bango. An yi wa aikin ban-ruwa safe da yamma kwana bakwai.

Toshe gefen firam sai da simintin ya yi mako uku. An kankare tsohon silikon tas, aka buɗe tsagar ta kai faɗin milimita 8 da zurfin 6, don abin toshiya mai kaurin gashi ba shi da naman da zai miƙe. Aka share ƙura da burushi, aka goge alminiyom da fetur kaɗan a tsumma aka bar shi ya bushe, aka cusa siririn soso a can ciki don kada abin toshiyar ya manne a gindi, sannan aka matsa irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa na siminti da waje ne, marar warin tsami. Kwalba ɗaya mai mililita 300 ta ishi taga ɗaya mai wannan girman. Kusurwoyin layi da kan sukuru an toshe su ta ciki. Ramukan fitar ruwa an buɗe su da waya, aka ƙara huda na uku a tsakiya. A saman tagar an kafa 'yar rumfar kwano mai fitowar santimita 45, ta zarce taga da taƙi ɗaya kowane gefe, bakinta na sama a cikin filasta, don a rage abin da iska ke jefawa kan gilashi.

A ƙofar kicin an cire intalok na faɗin mita ɗaya da rabi, aka kwashe ƙasa, aka mayar da shi yana gangarawa wajen magudanar gida. An ja bututun rufin har can. An zuba dokin ƙofa mai tsayin santimita 5, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan firam ya yi ƙari, ya kuma liƙa ɗan leɓen ƙarfe a ƙasan ganyen ta waje, aka shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado.

Kowane wuri an maimaita masa gwajinsa, kwatar ma an sake cika ta aka bar ta ta kwana. Fentin ciki kuwa an ce a dakata. Bangon da ya sha ruwa shekara uku ba ya bushewa a mako biyu, in aka rufe shi da fenti gishirin zai sake turo shi. An kankare wanda ya kumbura aka bar filasta tsirara har hunturu, ana share farin garin da busasshen burushi duk lokacin da ya fito, ba a wanke shi da ruwa don kada ya koma ciki. Uwargida ba ta ji daɗin zama da falo mai tabo wata huɗu ba, ta rataya labule mai tsayi a wurin. An bar wa yaron gidan aiki biyu a kowane watan Afrilu, kafin ruwan farko: ya hau ya share kwatar rufi, ya kuma bi layin kowace taga da tsohon burushin haƙori da kofin ruwa, ya tsaya har ya ga ruwan ya fita ta waje.